Ranar da Lami Ta Ƙi Aron Gas

Lami taubashiyata ce. Ubanta da uwata ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo ba wando muke musu a kan wane ne bawan wani, ga shi furfura ta cinye mana kai ba a yanke hukunci ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji ina tsokanarta ya ɗauka raini ne. Duk unguwar Hausawa ta New Bell ni kaɗai nake iya ce mata gajera in wuce lafiya.

A nan Duwala aka haife mu. Kakanmu fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Katsina, ya ce damina ɗaya zai yi ya juya, ga kabarinsa nan a garin. Lami ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma in ranta ya ɓaci sai ta ce za ta tattara kayanta ta koma gida. Ta yi allo, ta ɗan taɓa boko har ta samu Faransancin da za ta wanke direban tasi da shi. Mijinta Mukhtar ita ta zaɓe shi da kanta, mutum mai sanyin hali, yana aikin awon kaya a tashar jiragen ruwa. Gidansu na katako yana kallon shagona na ɗinki, kwata ce kawai ta raba mu. Lokacin da duniya ke kwance Lami da gas take girki, ta gama tuwo hannunta tas, ta leƙo ta ce min, "Yusufa, bawana, zo ka ɗauki ƙanzo."

Sai la kriz ta zo. Da Faransanci muke kiran wannan matsin, kamar sunan wata mata da ta tare a gari ta ƙi tafiya. Aka rage ma'aikata, aka rage albashin waɗanda suka rage, aka yi watannin rufe gari da ƙone-ƙonen taya, daga baya aka karya darajar kuɗi muka wayi gari komai ya ninka. Mukhtar yana cikin waɗanda aka sallama. Ya koma Japoma ɗiban yashi a kogin Dibamba, ba ya zuwa gida sai Juma'a. Lami ba ta zauna tagumi ba. Ta sayar da murhun gas da tukunyarsa, ta sayi kasko, ta fara suyar ƙosai da makala, wato fanken nan da mutanen garin nan ba sa karyawa sai da shi. Kuma gaskiya ta iya. Ni da nake cewa hannunta ba gishiri, kullum sai na ci.

Wutar suyar ita ce maganar. Itace ya yi tsada, gawayi ya fi shi. Abin da ya rage shi ne dusar katako da ake kwasowa daga wurin kafintoci, a danƙara ta a cikin gwangwani, a bar rami a tsakiya a kunna. To Duwala gari ne na ruwa. Da damina ta kama komai jiƙa yake yi, har ashana. Dusar da ta sha danshi ba ta kamawa sai an taimaka mata, kuma abin taimakon shi ne leda, wato sashe a bakinmu, ko yankin tsohon silifas, wanda muke ce wa san-konfiyans. Su ne masu kamawa nan take, su ɗiga wuta, su tashi da baƙin hayaƙi mai ɗaci. Madafin Lami 'yar rumfar kwano ce a bayan gida, an rufe ta ta kowane gefe saboda feshin ruwa da kuma idon maƙwabta.

Kada ku ce Lami kaɗai ce. Kusan kowane gida a layinmu haka ake yi, kowa ya san kowa yana yi, kuma ba wanda ya taɓa faɗa. Mace za ta fito daga cikin wannan hayaƙi ta yi wanka, ta ɗaura gogaggiyar atamfarta ta tun zamanin daɗi, ta turara jikinta, ka tambaye ta ya gida ta ce sai godiya. Rufin asiri shi ne dukiyar da la kriz ba ta iya ƙwace mana ba, saboda haka muka riƙe shi da ƙarfin da ya wuce kima.

A cikin wannan hali Allah Ya ba Lami Kausar, bayan shekaru da yawa na jira har ta fid da rai. Ba ta yarda kowa ya taɓa yarinyar nan. Tun da aka yi arba'in Kausar take bayanta, a suya, a wanki, a kasuwa. In na ce ta kawo ta in riƙe mata, sai ta ce ba a ba bawa riƙon 'yar sarauta. Amma yarinyar ba ta da ƙirji. In ka matsa kusa da ita za ka ji numfashinta yana fito siriri. Ko kuka ba ta iya ja. Za ta buɗe baki ta fara, sai ya yanke, ta dinga jan iska haƙarƙarinta yana lotsawa, idanunta a waje. An je asibiti an karɓo magani, ta samu sauƙi, abin ya dawo. An sha rubutu. Wata tsohuwa ma ta kawo saiwar da za a yi mata hayaƙi da ita. Lami mai bakin nan ta fara yin shiru, kuma ni shirun Lami ya fi zaginta tayar min da hankali.

Cikin wata damina mutanen jami'a suka shigo unguwa. Ta hannun liman da mai unguwa suka biyo, kamar yadda ya dace. Shugabarsu wata likita ce Bafulatana daga Ngaundere, Dokta Adda, doguwa, mai magana a hankali, Hausarta da ɗan karin Fillanci. Ni na san aikinsu fiye da sauran maza, domin ni ta ba ɗinkin jakunkunan da ake rataye na'urorinsu a ciki, kuma ni mutum ne da ba a zama a shagona ban yi tambaya ba.

Ta ce min a cibiyarsu ba mutum ɗaya suke dubawa ba, wuri suke dubawa. Ma'aikatan ƙananan asibitoci sun lura yaran New Bell masu ciwon ƙirji sun yi yawa, to su aikinsu shi ne su gano me ke cikin iska ko ruwa ko gidajen da yake jawo haka. Akwai likitoci a cikinsu, akwai masu awon sinadari, akwai masu lissafi. Sun ɗebi ruwan rijiyoyinmu a kwalabe. Sun auna iskar bakin titi. Sun saurari ƙirjin yara, manyan cikinsu kuma an ba su wani bututu suna hurawa. Saura madafi. Na'urar ba ta fi gwangwanin madara babba ba, tana gurnani ƙasa-ƙasa, tana zuƙar iska ta cikin wata 'yar farar takarda zagayayya. Ana auna nauyin takardar kafin a sa ta, a bar ta yini da kwana a madafi, a sake aunawa. Abin da ya ƙaru shi ne abin da mutanen gidan suka shaƙa. In an yi gidaje da yawa sai a gwada, a ga ko inda hayaƙi ya fi yawa nan ne yara suka fi ciwo.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji ta ga matan unguwa. "Ku yi girkinku yadda kuka saba."

Suka ce to, Dokta, ai ba komai.

Gidan Zainabu, wata maƙwabciyarmu, aka fara sa wa rana. Zainabu ta dubi rumfarta, ta dubi tulin leda da guntayen silifas a lungu, ta tuna gobe likita guda daga jami'a za ta shigo nan da takalminta. Ba ta yi wata-wata ba ta nufi gidan Hajiya Nana Hadiza. Hajiya matar babban dillalin shanu ce, ita kaɗai ta rage da gas a layinmu, kuma mace ce mai hannu a sake. Ta ce haba, ai ba a bar 'yar'uwa ta ji kunya gaban baƙi ba. Ta ba ta aron tukunyar gas da murhunta. Zainabu ta share madafi, ta ɓoye gwangwanin dusa a ƙarƙashin gado, ta zuba turaren wuta a kasko don kada baƙuwa ta ji ƙauri. Baƙuwa kuwa sunan da mata suka sa wa na'urar ke nan, kuma tarbar baƙuwa suka yi mata.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk gidan da za a kai baƙuwa gobe, yau da la'asar tukunyar Hajiya za ta riga ta isa. Ina zaune a kan keken ɗinkina ina kallo. Za a naɗe ta a zani, wata ta goya ta, ta ja mayafi ta rufe, ta bi ta lungu tana tafiya a karkace saboda nauyi. Wata rana na ce wa wata, "Barka da arziki, yaushe aka haihu?" Ta harare ni ta ce in yi ɗinkina. Na yi dariya har allura ta soke ni. Ba wanda ya yi wannan don mugunta ko don ya cuci jami'a. A wurinsu mutunci ne, kuma da sun yi akasin haka da uwayensu sun ce ba su yi tarbiyya ba.

Dokta Adda ba yarinya ba ce. Bayan an yi gidaje da dama ta tara mata a makarantar Islamiyya da ke jingine da bayan shagona. Bangon katako ba ya riƙe magana, don haka duk na ji.

Ta gaishe su, ta gode musu. Ta ce takardun da aka ciro daga madafansu sun fito kusan farare, in ban da ɗan abin da turaren wuta ya bari. "Iskar madafanku ta fi ta ofishina kyau," in ji ta. "Kuma na ga kowane gida da butel ɗinsa, tukunyar gas, ma sha Allah. Duka shuɗaye. Duka da 'yar lotsawa a kafaɗar hagu."

Sannan ta ci gaba.

"Iyayena, yayyena, ni 'yar Fulani ce, ba wanda zai koya min kunya. Ba zan ce wata ta yi min ƙarya ba. Na ga rufin kwanonku baƙi ƙirin, amma ba rufi aka aiko ni in auna ba, kuma ba zan rubuta abin da ban auna ba. In abin da takardun nan suka nuna shi ne gaskiya, to ciwon yaranku ba daga madafi yake ba, sai mu nemi dalilinsa a wani wuri. Na'urorin ba su da yawa, ana jiransu a Logbaba kusa da masana'antu. Gidajen da suka rage a nan kaɗan ne. In mun gama su za mu ɗauke."

Aka yi addu'a aka watse. Gidan da ke biye a layi na Lami ne.

Da la'asar tukunyar ta iso gidanta a bayan wata, cikin zani kamar kullum. Can sai ga Lami ta tsallako kwata ta shigo shagona, ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, abin da ba ta saba ba. Kausar tana bayanta tana barci da baki a buɗe, fiton nan yana fita.

"An kawo miki jaririyar Hajiya, na gani," na ce. "Yaushe suna?"

Ba ta rama ba. Ta ce, "Yusufa, in suka tafi Logbaba, wa zai gaya min abin da ke cin yarinyar nan?"

Na tsayar da keke.

"In na bar matar nan ta ga wutata," in ji ta, "na nuna duk wadda aka auna kafin ni ƙarya ta yi. Zainabu, Yaya Balkisu, har Hajiya da ta yi don Allah. Da wane ido zan dube su a gidan suna? Sannan gobe duk kartiye, kowa a unguwa, ya ji da sashe da san-konfiyans Lami take suya. Wa zai ƙara sayen makalata?"

"Ni," na ce. "Dama ba don daɗi nake saye ba."

"Kai ka yi min shiru, da gaske nake."

"To da gaske. Su ma da sashen suke dafa wa mazajensu, kowa ya sani. Abin da ba wanda ya sani shi ne ko shi ke hana Kausar numfashi. Matar nan ce kaɗai ta zo da abin aunawa, kuma ta kusa tafiya. Ni iyakar abin da na gani ke nan. Ke ce uwa."

Ta kai hannu baya ta gyara kan yarinyar. Sannan ta miƙe ta fita ba sallama.

Abin da na gani bayan haka ba zan manta shi ba. Lami ta fito daga gidanta da tukunyar gas a ka, ba zani ba mayafi a kan tukunyar, shuɗiya, lotsawarta a fili, rana tana dukanta. Ba ta bi lungu ba. Ta miƙe tsakiyar layi, ta wuce mai shayi, ta wuce dattawan da ke jiran magariba a ƙofar masallaci, gajeriyar mace da goyo a baya da ƙarfe a ka. Labulayen ƙofofi suka dinga motsi. Na bar shago a buɗe na bi ta daga nesa, don in za a yi rigima a yi da ni.

Hajiya Nana Hadiza da kanta ta fito zaure. Lami ta sauke tukunyar, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Hajiya, na gode, Allah Ya saka da alheri. Na dawo da ita."

"Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Da wutata zan yi girki gobe."

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa. "Lami, asirin unguwa za ki tona?"

"Nawa zan tona, Hajiya. Na kowa yana hannunsa."

"Mutuncinki nake kare miki, 'yar nan."

"Na sani, Hajiya. Pardon. Amma ki saurara." Ta juya mata baya, ta matso da goyon kusa da kunnenta. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai fiton ƙirjin Kausar. Hajiya ta saurara. Ta sa aka shigar da tukunyar, ta juya ciki, kuma a fuskarta na ga ranta ya ɓaci.

Da sassafe Dokta Adda ta zo. Lami ba ta share komai ba, ba ta kunna turare ba, ko atamfar kirki ba ta ɗaura ba. Ta kai ta rumfar ta nuna mata gwangwanin dusa, da buhun leda, da guntayen silifas, tana nunawa tana cin magani, irin na wanda ya shirya a raina shi. Dokta ba ta yatsina fuska ba. Ta durƙusa ta taɓa dusar ta ji danshinta, ta tambayi daga wane kafinta ake kwasowa, ko akwai ta katako mai fenti a ciki. Sannan ta ce, "In kina suya, ina yarinyar take?"

"Ina kuwa za ta kasance? A bayana."

"In kin sunkuya kan kasko fa?"

Lami ta sunkuya ta gwada mata. Kan Kausar ya leƙo ta saman kafaɗarta, daidai inda hayaƙi ke tashi.

Dokta ta aiko aka kira ni. Ta ce ban da wadda za a rataye a bango, tana son a ɗaura wa Lami na'ura ta biyu a ƙugu, a maƙala bakin bututunta a jikin zanen goyo kusa da hancin yarinyar. Nan take na ɗinka maɗauri. Lami ta kunna leda ta cusa a ramin dusa. Dokta ta tsaya a ciki na ɗan lokaci don ta ga yadda ake yi, ta fito idanunta jajur suna zubar da ruwa. Lami ta ci gaba da suyarta har hantsi, da rana ta ɗora tuwo, komai yadda ta saba.

Washegari a gabana aka buɗe na'urar da ke jikin goyon. Dokta ta sa ɗan hantsaki ta ɗago takardar. Ta ce launi ba shi ne awo ba, sai an kai ɗakin bincike an ɗora a sikeli. Amma muna da ido. Ta ajiye sabuwa fara a gefenta, ita kuma waccan baƙa wuluk kamar gindin tukunya.

"Wannan na jiya kaɗai ne?" in ji Lami.

"Na jiya kaɗai."

"Tun arba'in take bayana."

Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon takardar. Tausayinta ya kama ni har na rasa tsokanar da zan yi.

Dokta ta ce mata gida ɗaya ba ya zama hujja a aikinsu, kuma ba za ta rantse cewa hayaƙi kaɗai ne ciwon Kausar ba. "Wannan maganar mai bincike ce. Maganar likita kuma, ki raba ta da hayaƙin nan tun yau. Ki daina sashe. Ki buɗe wa rumfar nan iska. Maganin lopital, na asibitin nan, kuma ki ci gaba da ba ta."

Ba zan ce unguwa ta yi wa Lami guɗa ba. An yi mata shiru a gidan suna. Wasu masu sayen makala sun ɗauke ƙafa, yara suka fara ce mata Lami mai leda, sai da na kori wasu da almakashi a hannu. Amma kafin na'urori su bar unguwa, Zainabu ta zo shagona da sunan gyaran riga, ta yi ta kame-kame, daga ƙarshe ta ce in gaya wa Dokta ko za a dawo da baƙuwa gidanta, ɗanta ma tari yake. Bayanta wata, bayanta wata. Wasu sun ƙi har ƙarshe, kuma ba wanda ya matsa musu. Hajiya kuwa Dokta ce ta je har gida ta ce mata madafinta suke nema ruwa a jallo, domin sai da gidan da gas ɗinsa na gaske ne za a samu abin gwada sauran. Hajiya ta yarda, ko da yake ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Lami da sakin fuska ba.

Mutanen cibiyar suka ɗaga tafiya Logbaba. Suka auna da rani, suka sake aunawa da damina, sannan suka dawo Islamiyya suka faɗa mana abin da suka gani a gidajenmu: inda hayaƙi ya fi kauri, nan yara masu ciwon ƙirji suka fi yawa, kuma 'yan goye sun fi kowa shaƙa. Ba su raba wa kowa gas ba, ba su da shi. Abin da suka bar mana shi ne sani, da 'yan dabarun da talaka zai iya.

Lami ba ta jira wannan taron ba. Juma'ar da ta biyo bayan awonta, Mukhtar yana sauke jakarsa ta miƙa masa guduma, ya ɓalle gefe guda na rumfar. Ta fito da kaskon suya ƙofar gida ƙarƙashin 'yar inuwar kwano, inda kowa zai ga wutarta. Ta koma rataye buhunan dusa a rufin ɗaki su bushe, tana kunnawa da takarda da guntayen yadin auduga da nake tara mata. Ita kanta tarin da ta kwasa a rumfar nan bai sake ta ba har yau, in ta yi dariya mai yawa sai ta dafa ƙirji.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne goyon. Kowace safiya kafin ta kunna wuta sai ta tsallako kwata, ta kwance zani, ta sauke Kausar a kan tabarma kusa da kekena. Yarinyar da ba ta san ko'ina ba sai bayan uwarta za ta miƙa hannu biyu, ta fara ɗan kukan nan nata mai yankewa. Lami ta juya da sauri ta koma, ta zauna ta ba mu baya, don in ta waiwayo ba za ta iya ba. Ina ganin hannunta yana kaiwa ƙirji zai gyara ɗaurin zanen da babu shi. Na yi rawa, na yi waƙa, na ba yarinyar nan zare da maɓallai da duk abin da ba ya yanka. Watanni muka yi a haka. Fiton yana raguwa, ya dawo in an yi sanyi, ya sake raguwa.

Wata safiya, damina ta sake zagayowa, Kausar ta riga ta iya tafiya da ɓarna. Ta ɗauki almakashina, na ƙwace. Ta dube ni, ta cika ƙirjinta, ta kurma ihu. Na saba in ta fara in ƙirga a raina in jira ya yanke, in ɗauke ta in dinga shafa mata baya. Na jira. Bai yanke ba. Ta ja shi, ta numfasa, ta sake ja da ƙarfin da ya fi na farko. Mai shayi ya waiwayo. Wani dattijo ya leƙo daga masallaci ya ce me aka yi wa yarinya.

Lami ta miƙe daga gaban kasko da matsami a hannu, mai yana ɗiga. Ta tsallako kwata ta tsaya a ƙofar shago. Na sunkuya zan ɗauki yarinyar in rarrashe ta.

"Kar ka taɓa ta," in ji Lami.

"Za ta tara mana jama'a."

"Ta tara." Hawaye suna bin fuskarta, ƙosai yana ƙonewa a bayanta, ko waiwaye ba ta yi ba. "Bar ta, Yusufa. Bar ni in ji."